Taswirar Waya da Kwatancen Ɗan Gari

Baƙon da ya sauka Agege a Legas daga Kano yana neman kasuwar Mile 12, hanya biyu gare shi: ya buɗe Google Maps, ko ya tambayi ɗan gari.

Taswira ragi take yi. Ta zubar da ƙarar danfo (bas-bas ɗin haya na Legas), da warin kwata, da masu talla a cikin cunkoso, ta bar layi da suna da nisa. Gadar Third Mainland, mai tsawon kusan kilomita 12, a waya siririn zare ce a kan ruwa. Ragin nan ne ƙarfinta: wanda bai taɓa taka Legas ba zai ga garin duka a tafin hannunsa. Haka hankalin ɗan kasuwa yake yi in ya ce "kwando goma". Ya ajiye tumatir da attarugu gefe, ya riƙe goman kaɗai, ya yi lissafinsa.

Kwatance ma ragi ne, amma na wanda ƙafarsa ta san hanyar. "Malam, ka wuce Ojota da Ketu, in ka ga ana sauke albasa daga tireloli, ka iso." Ba awo, ba gabas ba yamma. Sai dai yana riƙe abin da taswira ta yar: lokacin da kwandasta ke ninka kuɗi, da kwanar da ruwa ke shanyewa da damina. Aibinsa, da tirelolin sun tashi, alamar ta ɓace.

Ni dai ranar farko waya nake bi. Daga rana ta biyu, mai shayin bakin tasha nake tambaya.