Bikin giya da kiɗan bluegrass ko baje kolin jiha: ina za ka kai iyali?

Ɗan'uwa, barka da zuwa jihar Karolina ta Arewa a Amurka. Ka ce abokan aikinka sun gayyace ka bikin kaka mai giya da abinci da kiɗan bluegrass, maƙwabcinka kuma ya ce ka jira baje kolin jiha na Raleigh, babban birnin jihar, kana tambaya ko duk kanwar ja ce. Ba ɗaya ba ne, ko kusa.

Na farkon shi ne irin bikin Brewgrass da aka fara a garin Asheville a 1996. A nan giya ce uwar biki, kiɗa ɗan rakiya ne. Ƙananan kamfanoni masu dafa tasu ne ke kafa rumfuna, kowa na nuna gwanintarsa. A bakin ƙofa za a duba katin shaidarka, don doka ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 21 ba, a ɗaura maka alama a wuyan hannu, a miƙo ɗan ƙaramin kofi na ɗanɗano. Yawanci kuɗin ɗanɗanon yana cikin tikiti, ka ga kai da ba ka sha ka biya abin da ba za ka taɓa ba. Da yawansu ma ba sa barin yara su shiga.

Baje kolin Raleigh kuwa tun 1853 ake yin sa, kwana 11 a watan Oktoba, kuma asalinsa taron manoma ne. Shanu, awaki, gasar kabewar da ta fi girma, lilon yara. Giya akwai, amma an keɓe mata wuri, kana iya wuni ba ka bi ta wajen ba.

Kiɗan bluegrass shi ne abin da ba na so ya wuce ka. Babu ganga ko ɗaya a cikinsa, tsirkiya ce zalla: banjo, goge, gita, mandolin da ƙaton bas da ake kaɗawa a tsaye. Sunan ya fito ne daga Blue Grass Boys, ƙungiyar makaɗi Bill Monroe, mutumin Kentucky, kuma salon ya kankama bayan Earl Scruggs, ɗan jihar nan, ya shiga cikinsu a 1945 da kaɗin yatsa uku. Ranar da na fara tsayawa dab da mai banjo, na ga fatar da aka ɗame a kan kwanon, sai gurmi ya faɗo mini a rai. Ba banza ba: bayin da aka kwaso daga Afirka ta Yamma su suka fara harhaɗa banjo da ƙwarya da fata. A baje kolin akwai gasar kiɗa da rawar gargajiya da Bascom Lamar Lunsford ya kafa a 1948, kuma za ka zauna ka saurara cikin natsuwa tare da tsofaffi da jikokinsu. A bikin giya makaɗan ƙwararru ne, sai dai hayaniya na ƙaruwa da yamma.

Wajen abinci kam, duka biyun sai ka buɗe ido. A jihar nan in an ce "barbecue" naman alade ake nufi. Ganye da wake ma sau da yawa da shi ake dafa su, wani soyayyen kifin kuma da giya ake kwaɓa fulawarsa, don haka ka tambaya, ba sa jin haushi. "Cider" ruwan tuffa ne kawai, amma in ka ga "hard" a gabansa, mai sa maye ne. Gasasshiyar masara da tuffa mai alewa ba su da matsala.

Ni dai da ni ne kai, sai in yi wa abokan aiki godiya, in gayyace su Raleigh. Ku je da hantsi a ranar aiki kafin cunkoso, ka saka dadduma a mota saboda azahar da la'asar, a riƙo wa yara rigunan sanyi don da rana ta faɗi iska ke juyawa.