Bayan gobarar Kantamanto: a sake kafa rumfa ko a canza sana'a?

Gobarar da ta cinye babban ɓangaren kasuwar Kantamanto a Accra cikin Janairun 2025 ta bar 'yan gwanjo tsakanin hanya biyu, kuma a unguwar Nima har yanzu ana muhawarar.

Mai sake kafa rumfa yana da tsoffin abokan ciniki, ga idon sanin kaya: yana kwance dila ya gane riba ce ko asara. Sai dai katako da kwano da sabuwar dila duk kuɗi ne, dilar ma wani lokaci tsumma ya fi yawa. In adashi zai ɗauke masa wannan nauyi, ni ina ganin ya daure.

Wanda kuwa sai ya ci bashi mai ruwa kafin ya biya tsohon bashi, gara ya haƙura ya kama ɗinki ko sayar da hatsi.