Dashen gwiwa da taimakon na'ura da kuma na hannu: amsa ga Hajiya

Hajiya ta yi tambaya a wannan zaure cewa mahaifiyarta, wadda ke zaune a Tudun Wada, ta kai ga ba ta iya taka ƙafa saboda amosanin gaɓɓai ya cinye guringuntsin gwiwarta, kuma wani asibiti a Indiya ya ba su zaɓi biyu: tiyata da taimakon mutum-mutumi, wadda ta fi tsada, ko tiyatar hannu da aka saba. Tana son sanin ko ƙarin kuɗin ya cancanta. Allah Ya ba Mama lafiya.

Abin da ake sa wa a gwiwa iri ɗaya ne a hanyoyin biyu. Likita yana yanke bakin ƙashin cinya da na ƙwauri inda suka lalace, ya lulluɓe su da ƙarfe, ya sanya faifan roba mai ƙarfi a tsakani. Bambancin yana wajen awo da yanka. A tiyatar hannu, likita yana dogara da ma'aunan ƙarfe da yake ɗorawa a kan ƙashi, da idonsa, da gogewarsa. A ɗaya hanyar kuwa, kwamfuta ce ke fitar da taswirar gwiwar, kuma a na'urar Mako ta kamfanin Stryker sai an ɗauki hoton CT tun kafin ranar aiki, alhali CORI ta Smith & Nephew tana yin taswirarta ne a cikin ɗakin tiyata. Mutane da yawa suna zaton na'urar ce ke yin aikin ita kaɗai, amma ba haka ba ne: hannun likita ne a kan zarto, ita dai Mako tana tsayar da shi ne idan ya nemi ƙetare iyakar da aka shata.

Ta fuskar daidaita yanka da miƙar da ƙafa, na'ura ta fi hannu, wannan ba a jayayya a kansa. Sai dai tana da nata nauyin. Ana huda ƙashi a kafa kusoshin da kwamfuta ke bibiya, wurin hudar kuma kan yi ciwo, a wasu lokuta ƙalilan ma ƙashin ya tsage, sannan aikin yakan ɗan fi daɗewa. Abin da ya fi muhimmanci shi ne, idan aka duba marasa lafiya bayan shekara ɗaya ko biyu, raguwar ciwo da iya tafiya sukan zo kusan ɗaya. Tiyatar hannu tana da dogon tarihi. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2019 ya nuna kusan kashi 82 cikin 100 na gwiwoyin da aka dasa suna kaiwa shekara 25, yayin da na'urori irin su ROSA ta dashen gwiwa, wadda ta fito a 2019, ba su kai shekarun da za a auna su da wannan ma'auni ba.

Akwai wani batu da iyayenmu ke fara tambaya, wato sallah. Gwiwar dashe takan lanƙwashe zuwa digiri 110 ko 120, zaman tahiya a ƙasa kuwa yana neman fiye da haka sosai, saboda haka ko da wace hanya aka bi, a shirya wa Mama kujerar sallah da masai na zama, kada a yi mata alkawarin da na'ura ba za ta cika ba.

A nawa ganin, Hajiya, idan kuɗin ya yi muku nauyi, kada ku sayar da fili saboda na'ura. Ku tambayi likitan gwiwa nawa yake dasawa a shekara, ku daidaita suga da hawan jinin Mama kafin tafiya domin rage haɗarin ruɓewar rauni, ku kuma ware kuɗin gashin ƙashi na watanni, domin nan ne gwiwa ke samun lanƙwasa ko ta sandare. Kafin ku yanki tikiti, ku kai hotunan gwiwar ga likitan ƙashi a asibitin koyarwa na Shika da ke Zariya ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, ku ji ra'ayi na biyu, ku kuma san wanda zai riƙa duba ta idan kun dawo Kaduna.