TSC3 ko sabuwar kwantirola: amsa ga mai tambayar sauya na'urar fili

Malam, tambayarka a taƙaice ita ce: kana da kwantirola biyu, wato ƙananan kwamfutocin hannu na aikin awon ƙasa, TSC3 ta kamfanin Trimble, ɗaya tana fita da total siteshan, na'urar auna kusurwa da nisa, ɗaya da risibar GNSS mai kama saƙon taurarin ɗan'adam. Shekaru suna yi maka aiki, ba abin da ya same su sai batir da ya fara gajiya, ga dila kuma yana ta nuna maka sababbi masu Android da Windows. Kana son sanin ko akwai abin da sabuwa za ta yi maka wanda tsohuwa ta kasa, ko dai kwalliya ce kawai.

Mu fara cire abu ɗaya daga lissafi. Kwantirola ba ta awo. Kusurwa da nisa total siteshan ke auna su, saƙon taurarin ɗan'adam kuma risiba ke kama shi ta fitar da inda sandarka take tsaye. Wadda ke hannunka aikinta ta ba da umarni, ta rubuta abin da aka faɗa mata, ta nuna maka inda za ka buga fegi. Duk wanda ya ce maka sabuwa za ta ƙara wa awonka daidaito, tambaye shi ta wace hanya. Risibar da taurarin GPS da GLONASS kaɗai take gani, ko ka haɗa ta da kwantirolar da ta fito jiya ba za ta ga taurarin Galileo ko BeiDou ba. Abu biyu kake saye da sabuwa: lokaci, da iya magana da na'urorin da tsohuwa ba ta jin yarensu.

A takarda tazarar babba ce. TSC3 ta fito a 2011 da Windows Embedded Handheld 6.5, allo inci 4.2, RAM megabait 256. TSC7 ta zo a 2018 da cikakkiyar Windows 10, allo inci 7, RAM gigabait 8. TSC5 ta biyo a 2021 a kan Android da allo inci 5. Masu amfani da kayan wasu kamfanoni ma wannan mararrabar suka tsaya a kai: Leica daga CS15 zuwa CS20 mai manhajar Captivate, Topcon daga FC-500 zuwa FC-5000 da FC-6000, Carlson daga SurvCE zuwa SurvPC. Mai riƙe da Ranger 3 ta Spectra kuwa, jikinta ɗaya da TSC3, manhaja ce ta bambanta, don haka wannan amsar tasa ce shi ma.

A fili, wurin da wannan tazara ke fara fitowa shi ne taswira. Ka zuba wa TSC3 zanen DXF na babban rukunin filaye, da tituna da magudanai da layukan tudu da kwari, ka taɓa allo don ka matso da wani lungu, sai ka tsaya kana kallonta tana sake zana layuka ɗaya bayan ɗaya, mai riƙe da sanda yana can yana jiranka. Shi ya sa da yawanmu muka saba da yanke zane gida-gida a ofis, a cire duk abin da ba dole ba kafin a loda. Sabuwar tana ɗaukar zanen yadda yake. Ka taɓa layin gefen titi da yatsa, ka ce a kai ka can, ta nuna maka nawa za a haƙa, nawa za a cike. Fayil ɗin LandXML na hanya ko IFC na gini ba ya sa ta haki. Amma idan aikinka jerin maki ne, wato wuraren da ake aunawa, ɗari biyu ko uku a fayil ɗin CSV, ka kafa su ka ɗauko na iyaka ka dawo, wannan duk ba zai taɓa ka ba. Tsohuwar za ta yi shi da sauri ɗaya da sabuwar.

Abin da ya fi nauyi a wurina shi ne manhaja ta tsaya. Microsoft ya daina kula da Windows Embedded Handheld 6.5 tun Janairun 2020, Trimble Access, manhajar awo ta TSC3, kuma ta tsaya a jerin 2017. Ba wai na'urar za ta mutu ba ne, abin da take yi jiya za ta yi shi gobe. Sai dai duk abin da aka ƙirƙiro bayan nan ba nata ba ne, kuma mafi girma a ciki shi ne sabon salon awo da sanda a karkace. Leica ta fito da risibar GS18 T a 2017, Trimble ta fito da R12i a 2020, dukansu da na'urar da ke jin karkatar sanda ta gyara lissafin da kanta. Wanda ya taɓa neman kusurwar gini a ƙarƙashin rufin da ya zarto, ko dutsen iyaka da ya shige gindin katanga, ya san wahalar: ko ka ɗauki maki biyu a gefe ka ja tef, ko ka kafa total siteshan saboda maki ɗaya tak. Da irin wannan risibar, tsinin sanda kawai za ka ɗora a kan makin, ka jingina ta yadda sama ta buɗe mata, ka danna. A aikin ɗaukar yanayin ƙasa kuma, rashin tsayawa daidaita kumfar da ke nuna sanda ta miƙe a kowane maki yana rage wa yini sa'o'i. To, TSC3 ba za ta ba ka wannan ba ko ka sayi risibar. Sabuwar kwantirola ita kaɗai ma ba za ta ba ka ba idan risibar tsohuwa ce. Ke nan tambayar da ya kamata ka fara yi wa kanka ita ce yaushe za ka sauya risiba, domin ranar nan kwantirola za ta bi ta ko kana so ko ba ka so.

Sai maganar intanet. Modem ɗin da ke cikin TSC3 na zamanin 2G da 3G ne. Manyan kamfanonin waya na Amurka sun kashe 3G a 2022, na Ostireliya sun kammala a 2024, wasu ƙasashe suna kan hanya, wasu kuma ba su fara ba. Idan gyaran RTK ɗinka, wato saƙon da ke gyara awon risiba nan take, ta intanet (NTRIP) yake zuwa daga tashoshin dindindin na CORS, ka bincika ranar da kamfanin layinka ya sa. Akwai dabara, wato ka kunna hotsifot a wayarka ka haɗa ta Wi-Fi, kuma yana aiki, illa dai ka ƙara wa kanka batir na uku da zai iya mutuwa da azahar. Idan kuwa bes da roba kake kafawa, wato risiba ɗaya a tsaye ɗaya mai yawo, suna magana ta rediyon UHF, wannan matsalar ba taka ba ce sam.

Tsakanin fili da ofis ma haka. Windows Mobile Device Center, wadda tsofaffin ke bi su shiga kwamfuta, don zamanin Vista aka yi ta, tana ba da wahala a Windows 10, a Windows 11 kuwa Microsoft ba ya tallafa mata. Filash ya raba wannan gardamar, tunda TSC3 tana da kafar USB. Abin da filash ba zai yi ba shi ne ya kai wa yaranka gyararren zane suna tsakiyar aiki. Ga mai aikin gine-gine da injiniya ke sauya masa zane da rana tsaka, wannan kaɗai ya isa dalili. Ga mai awon iyaka, abu ne da ake iya rayuwa ba shi.

Kada ka ɗauka tsohuwar ba ta da inda ta yi zarra. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma a batir babu mai kama ƙafarta. Kamfanin ya rubuta wa TSC3 fiye da awa 30 a caji ɗaya, TSC7 kuwa kusan awa 5 take yi da batiranta biyu, sai dai ana iya sauya su ɗaya bayan ɗaya ba tare da an kashe ta ba, ma'ana jakarka ta ƙara kaya. TSC7 ta kusa kilo ɗaya da rabi, TSC3 kilo ɗaya da 'yar ɗoriya, kuma wanda ke yawo da ita a maƙale a sanda tun safe shi ya san abin da wannan bambancin ke nufi da la'asar. Allon tsohuwar irin na dannawa ne, ruwan sama da gumi da safar hannu ba su dame shi ba. Na sababbin irin na wayar zamani ne, ɗigon ruwa yakan zama yatsa a wurinsa, sai ka koma saitin ruwa ko alƙalami. TSC5 ta gyara maganar batir da nauyi sosai, shi ya sa na fi karkata gare ta ga mai yawo da ƙafa. Sannan akwai abin da ba a rubutawa a takarda: yaranka sun haddace madannan tsohuwar, suna buga lambar maki da kod ba tare da sun kalla ba. Makonnin farko da sabuwa aiki zai ja baya kafin ya wuce gaba.

Kuɗin da dila ya faɗa maka kuma ka ɗauke shi mafari. Tambaye shi lasisin manhajar, na dindindin ne ko na biya duk shekara, kuma me zai faru ran da ka daina biya. Idan total siteshan ɗinka mai bin firizim (madubin da ke kan sanda) da kanta ce, rediyon 2.4 GHz da ke cikin TSC3 daban ake sayen sa a sababbin. Idan da kebul mai fil tara kake haɗawa, duba ko sabuwar tana da kafar, domin da yawa daga masu Android ba su da ita. Maƙalin sanda sabo ne, caja sabuwa ce. Manhajar ofis ma sau da yawa sai an sabunta ta kafin ta buɗe fayil ɗin sabuwar. Kuma sabuwa tana buɗe aikin tsohuwa, amma komawa baya ba kullum yake yiwuwa kai tsaye ba, abin da zai shafe ka idan ƙungiyoyinka biyu suna musayar aiki ɗaya. Wani abu kuma a gefe, ga mai tunanin sayen TSC7 ta hannu: Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ta gama-gari ranar 14 ga Oktoban 2025, sai ka tambayi wane nau'i ne a cikinta, kada ka gudu daga tsohuwa ka faɗa wa mai shirin tsufa.

Gani ya kori ji. Ka ce dila ya ara maka ɗaya na 'yan kwanaki, ka kai ta aikin da ka riga ka gama, inda ka san kodinet ɗin kowane maki. Ka sake ɗaukar makin da ita. Idan lambobi sun saɓa, kusan kullum saiti ne: tsarin kodinet, fayil ɗin jiyoyid da ake lissafin tudun wuri da shi, tsayin sanda, ko lambar gyaran firizim. Wannan ta ƙarshen tana cizon masu sauya kamfani, domin firizim ɗin da Leica ke kira 0.0 a lissafin sauran kamfanoni -34.4 ne na milimita, kuma kuskuren santimita uku a kowane nisa ba ya ihu, sai an zo rufe awo ake ganin sa.

Da ni ne a matsayinka, ɗaya zan sauya, wadda ke fita da GNSS, kuma zan haɗa sayenta da sayen risiba mai awo a karkace idan hali ya yi, ko da sai an jira shekara. Ta total siteshan zan saya mata sabon batir in bar ta tana aikinta, musamman idan awon iyaka ne ya fi yawa a hannunka. TSC3 ɗin da ta sauka kada ka sayar, an daina ƙera su, allo da madannai na gyara suna ƙara wuya, ita ce za ta cece ka ran da ɗayar ta faɗo daga kan mota. Kafin komai kuma, yau ɗin nan, ka kwashe abin da ke cikin duka biyun zuwa kwamfuta: jerin kod ɗinka, fayilolin jiyoyid, daidaitawar kowane wurin aiki, saitin na'urori, da lambobin shiga NTRIP.