Na kalli Severance, na ga teburina a ciki

Shekarata shida ke nan ina aikin shigar da bayanai a kwamfuta a wani ofis a Kano. Takwas na safe in sa hannu a rajista, huɗu na yamma in tashi. Tsakanin nan ba abin da nake yi sai kwashe lambobi daga fayil zuwa allo, kuma har yau ba wanda ya zaunar da ni ya ce ga amfaninsu. Sau da yawa ina cikin A Daidaita Sahu da safe nakan ce a raina, ina ma in rufe ido in buɗe in ga har an tashi. Ranar da na furta haka a fili, wani abokin aikina ya ce lallai in nemi Severance in kalla.

Shirin Amurka ne mai dogon zango, na Apple TV, manhajar kallon fina-finai ta kamfanin Apple, wadda a da ake kira Apple TV+. Zangon farko ya fito a Fabrairun 2022 da kashi 9, na biyu kuma sai Janairun 2025 da kashi 10. Dan Erickson ne ya ƙirƙire shi, kuma tunanin ya zo masa ne lokacin da yake aikin ofis a wani kamfanin ƙofofi, yana wannan fata irin tawa. A labarin, kamfanin Lumon yana dasa wa ma'aikatansa wata 'yar na'ura a ƙwaƙwalwa. Da ka shiga lif za ka sauka ofis, sai ka manta gidanku, ka manta kana da mata ko 'ya'ya. Da ka fito da yamma, sai ka manta duk abin da ya faru a ciki. Mark, wanda Adam Scott ya fito a matsayinsa, malamin tarihi ne da ya yarda aka yi masa aikin saboda ya kasa jure rashin matarsa.

Da farko na ɗauka gata ne. Sai da Helly, sabuwar ma'aikaciya, ta shigo na gane inda gizo ke saƙa. Ita ta cikin ofis ba ta taɓa ganin rana ba, ba ta san daɗin barci ba. Lif ya rufe da yamma, ya buɗe, ga ta a safiyar gobe, da takalmi a ƙafa, aiki na jiranta. Ta nemi ta ajiye aiki, aka ce sai ta waje ta amince. Ta wajen kuwa ta aiko da saƙon bidiyo, fuska a murtuke, ta nuna mata cewa ba ta ma ɗauke ta mutum ba. Wallahi a nan na tsayar da kallon na yi shiru. Awa takwas ɗin da nake roƙon su wuce ban sani ba, dole akwai wanda zai zauna a cikinsu, kuma ni ne. Na lissafa, kashi ɗaya cikin uku na kowace ranar aiki nake fatan a shafe mini.

Ƙananan abubuwan ma sun taɓa ni. Ma'aikata huɗu a tsakiyar wani makeken ɗaki, suna tace lambobin da ba su san ma'anarsu ba. In sun yi ƙoƙari a ba su kankana ko 'yan kayan wasa. In sun yi laifi a kai su wani ɗaki su yi ta maimaita takardar neman afuwa har sai an yarda da gaske suke. Milchick, mai kula da su, murmushi ba ya barin fuskarsa ko da yana hukunta mutum. Na san irin wannan murmushin, na gan shi ranar da aka ce mana ƙarin albashi sai wata shekara. Tramell Tillman, wanda ya fito a matsayin Milchick, ya cancanci kyautar Emmy, babbar kyautar shirye-shiryen talabijin a Amurka, da ya samu a 2025 kan wannan rawa.

Ba komai ne ya yi mini ba. Shirin yana tafiyar hawainiya, mai gaggawa zai gaji tun kashi na biyu. A zango na biyu sun yawaita barin ofis suna bin sirrin iyalan Eagan masu kamfanin da batun wasu awaki da ake kiwo a cikin kamfanin, ni kuwa zuciyata tana wajen mutum huɗun da teburansu. Turancin ma yana da nauyi, sai da na kunna rubutun ƙasa. Akwai kuma wuraren da ba za ka so yara ko iyaye suna kusa ba.

Litinin ɗin da ta biyo bayan na gama kallo, na ɗauki fayil na shiga ofishin oga. Na ce, "Ranka ya daɗe, don Allah lambobin nan da nake shigarwa, ina suke zuwa?" Ya ɗago ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Malam, kai dai shigar kawai." Na koma kujerata na shigar. Da aka tashi ban wuce gida ba, na biya shagon wani mai kwamfuta muka gyara takardata ta neman aiki, na buga kwafi biyar.