Lambar Kaka: Abin da Na Samu a Wurin Mai Binciken 'Yan Mazan Jiya a Kaduna

Gwaggona ce ta ɗora mini wannan aiki. Ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan kakanmu, kuma tun da ciwon ƙafa ya zaunar da ita a ɗaki a Badarawa, hirarta ba ta wuce mahaifinta. Ya tafi yaƙin Bama yana saurayi, ya dawo da tabo a ƙauri, kuma har ya koma ga Allah, in ruwa ya kece da dare sai ya tashi zaune, ba ya sake runtsawa sai an ɗauke. Iyakar abin da muka sani ke nan. Sai kuma gardamar da ta daɗe a gidanmu: wasu na cewa shi ya kai kansa soja, wasu na cewa hakimi ne ya ba da shi. Ranar da Gwaggo ta miƙo mini makullin adakarsa cewa ta yi, "Ke da kika yi boko, ki nemo mini inda Baba ya taka kafin in bi shi."

Wata abokiyar aikina a makarantar da nake koyarwa ce ta yi mini kwatancen wani dattijo da ke wannan sana'a. Ɗan shago ne a saman bene, can wajen Unguwar Sarki, tsakanin mai ɗinki da mai gyaran waya. Babu allo a ƙofa. A ciki akwai tebur ɗaya, kwamfuta, injin kwafi, da taswirar Bama da aka manna a bango har gefenta ya yi baƙi saboda yawan ɗora yatsa. Wata biyar na yi ina hawa benen nan, don haka ina ganin zan iya faɗin abin da mutum zai tarar.

Ran farko na juye masa abin da ke cikin adakar. Akwai tauraruwa ta tagulla mai tsini shida, ƙyallenta ja a tsakiya, shuɗi a gefe da ratsin ruwan goro. Akwai wani ɗan bajo na yadi da ya koɗe. Sai ɗan littafi da gara ta cinye kusurwarsa. Ni tauraruwar na fara tura masa, don ita muke ɗauka da girma a gida. Ya juya bayanta ya nuna mini: sumul, babu suna, babu lamba. Ya ce, "Malama, wannan ta shaida an je Bama, amma ba ta faɗi wanda ya je ba." Sai ya ɗauki bajon ya kai kusa da taga. Abin da muke gani kamar zobe da sanduna biyu, ashe gammo ne da māsu biyu a gicciye, alamar Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma. Ya ce da gizo-gizo ne baƙi, da ta 81 ce, kuma da wani kwarin daban za mu nufa, wato Kaladan. Shekara nawa bajon nan yana gidanmu ba wanda ya gane gammo a jikinsa, mu da muka tashi muna naɗa shi.

Littafin kuwa, da tsinken ashana ya riƙa ɗaga shafukansa. Takardar sallama ce. A nan ya sami abin da yake nema, lambar soja, da haruffan NA a gabanta. Na ce masa ko En'e ake nufi, ya ce a'a, haka lambar sojan Najeriya take farawa a wancan zamani. Kuma ya faɗi maganar da duk mai niyyar zuwa wurinsa ya kamata ya ji tun daga gida: in babu lamba, aikin ya zama laluben allura a rairayi. Dalili shi ne, Turawa ba su rubuta mutanenmu da sunan uba ba sai ɗai-ɗai. Sunan yanka ne da sunan gari, wane Kano, wane Sakkwato, wane Bauci, wani lokacin ma garin ba nasa ba ne, inda aka ɗauke shi ne kawai. Kakanmu mutumin wani ƙauye ne a ƙasar Zazzau, aka rubuta shi da Zariya, kuma masu irin sunansa a rundunar Allah kaɗai ya san yawansu.

A wannan zama na farko bai karɓi ko kwabo ba. Sai da ya ga akwai bakin zare sannan ya yanka kuɗi, naira 30,000 na zagayen farko, rabi a hannu, rabi in an gama.

Abin da ya fi burge ni shi ne bai ce in koma gida in jira ba. Cewa ya yi in zo mu je tare, don in ga takardun da idona. Muka hau keke zuwa Ma'adanar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke kan titin Yakubu Gowon, wurin da na sha wucewa ban taɓa leƙawa ba. A nan aka tara takardun mulkin Turawa na Arewa, na sakatariyar Kaduna mai alamar SNP, da na kowane lardi da tasa alamar, ZARPROF na Zazzau, KANOPROF na Kano, haka dai. Dattijon ya san kundin jerin fayilolin kamar yadda mahaddaci ya san allonsa. Muka cike takarda, aka fito mana da fayil ɗaure da zare, takardun sun yi ja, suna warin tsohuwar ƙura. Wasiƙu ne tsakanin Razdan da Di'o da fadar sarki kan ɗaukar kurata. Na zauna ina bin layi da yatsa, zuciyata na bugawa, ina jiran sunan Kaka. Babu shi. Adadi ne kawai, gunduma kaza ta kawo mutum kaza, ana neman ƙari.

Na ji ba daɗi, ya kuma gani a fuskata. A bakin ƙofa, muna jiran abin hawa, na tambaye shi kai tsaye, "Baba, to shi ya kai kansa ko kai shi aka yi?" Ya ce a takarda dai duk sojan bataliya ɗan sa-kai ne. Amma ɗaukar ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai ta bi, kuma idan aka ce wa hakimi ana son mutane daga ƙasarsa, ba kowane saurayi ne ke da bakin cewa a'a ba. Wasu sun tafi don albashi da kaki, wasu don gudun haraji ko wata rigima ta gida, wasu kuma nuna su aka yi. Ya ce, "'Yata, in na zaɓa miki ɗaya, kuɗinki na ci, ban yi miki aiki ba." Na taɓa biyan wani a intanet da ya turo mini shafi uku na jarumtar Kaka, har da yawan Japanawan da ya kashe, ba tare da ya tambayi lambarsa ba. Saboda haka na san darajar wannan amsa.

Inda aikinsa ya yi kyau sosai shi ne bin sawun bataliyar. Takardar sallamar ta nuna Bataliya ta 10 ta Rejimantin Najeriya, wadda ke cikin Birged ta 4 tare da ta 5 da ta 9. Ya bayyana mini cewa kowace bataliya tana da littafin da hafsoshi ke rubuta abin da ya faru kullum, kuma na yaƙin Bama suna ma'adanar Ingila da ke Kew, ƙarƙashin alamar WO 172. Sunan farabiti baƙar fata ba kasafai yake fitowa a ciki ba, amma littafin zai gaya maka inda mutanen suka kwana, kogin da suka haye, da ranar da aka yi artabu. Yana da wanda ke ɗauko masa hoton shafukan a can. Da su, da taswirar bangon nan, ya zana mini tafiyar: horo a gida, jirgin ruwa a 1944, sannan Arakan a gaɓar yammacin Bama. A Disambar 1944 rundunar ta gangara kwarin Kalapanzin. A Janairun 1945 ta haɗu da Runduna ta 81 aka karɓi Myohaung. Daga nan aka nausa kudu, wajen Dalet da Tamandu, cikin tsaunuka da kurmi da rafuka, abinci da harsashi sai dai jirgin sama ya jefo, kaya kuma a ka. Gammon bajon ba ado ba ne. Japan ta miƙa wuya a Agustan 1945, amma sai 1946 akasarinsu suka ga gida.

Yana cikin faɗin sunayen nan na ji tsigar jikina ta tashi. A Kaduna aka haife ni. Barikin Dalet da ke Kawo na wuce ƙofarsa sau ba adadi, Kalapanzin kuma tun ina yarinya nake jin sunan a bakin direbobi, na ɗauka wani Bature ne. Ashe wuraren da Kaka ya taka ne da ƙafarsa. Haka barikin Chindit na Zariya, sunan dakarun da bataliyoyin Najeriya uku, ta 6 da ta 7 da ta 12, suka yi yaƙi a cikinsu a 1944. Ya kuma kwatanta mini damunar can, wadda ke sauka wata da watanni ba ƙaƙƙautawa, mutum na kwance a rami ruwa na cika shi. Ban ce masa komai ba, amma na tuna mutumin da ke tashi zaune in ruwa ya kece.

Akwai abu guda da ban sa shi cikin ciniki ba, ya yi mini kyauta. Gwaggo ta sha faɗin wani aminin Kaka da ruwa ya ci a wajen haye kogi, wanda Kaka ke yi wa sadaka duk azumi. Sunansa na yanka kawai ta riƙe da garinsu. Dattijon ya buɗe shafin CWGC, hukumar da ke kula da kaburburan sojojin Ingila da ƙasashen da ta mallaka, wanda kowa zai iya dubawa ba da ko sisi ba. Masu wannan suna huɗu suka fito. Ɗaya ne kaɗai ɗan bataliyar Kaka, kuma sunansa na jikin bangon tunawa na Rangun a maƙabartar Taukkyan, inda aka rubuta mutum kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba. Ni har na ce shi ne. Ya ɗauki biro ya rubuta a gefen takardar, "mai yiwuwa", ya ja layi biyu a ƙasa.

To, sai inda aka gaza, don akwai. Alƙawarin mako shida ya zama wata biyar. Wayarsa ta fi zama a kashe, sau uku ina hawa benen in tarar da kwaɗo a ƙofa, ga kuɗin keke daga Badarawa. Yaron da ke buga masa takardu ya juya lambobi biyu a lambar Kaka, aka shafe mako uku ana bin wani bawan Allah daban kafin ni da kaina na lura. Ya ba da haƙuri, bai kuma ƙara mini kuɗi a kan wannan ba, amma kuskure ne a daidai wurin da shi da bakinsa ya ce nan ne ran aikin. Kuɗin ɗauko shafukan Ingila, naira 45,000, bai ambace shi ran farko ba, sai da muka yi nisa. Na tabbata ba da nufin cuta ba ne, amma mai ƙaramin ƙarfi zai iya maƙalewa a tsakiya, don haka a tambayi jimillar tun kafin a fara, a kuma nemi rasit, don ba ya bayarwa sai an roƙa. Injin kwafinsa ma ya tsufa, wasu shafukan sai an kanne ido.

Abin da ya fi damuna shi ne rahoton ƙarshe da Turanci ya rubuto shi. Na ce, "Baba, wadda ta aiko ni ba ta jin wannan." Sojojin nan da Hausa aka yi musu fareti shekara da shekaru, ita ce harshen bariki, 'ya'yansu da ke raye kuma tsofaffi ne irin Gwaggo. Ya yi shiru, ya ce gaskiya ne, ba wanda ya taɓa nema. Bayan kwana goma ya ba ni shafi bakwai da Hausa, da rubutun hannunsa, kuma ya fi na Turancin daɗin karatu nesa ba kusa ba. Duk wanda zai je, ya nemi wannan tun farko.

Wanda ke da takardar sallama, ko wani abu mai ɗauke da lamba, ko da bajo ne, zuwa wurinsa ba asara ba ce. Wanda ba shi da komai sai suna, ya fara da tsofaffin gida da ofishin ƙungiyar 'yan mazan jiya, ya tattaro abin da zai iya, don dattijon da kansa zai mayar da shi ya yi hakan. A ɗauki takardun a cikin leda mai kauri, kada a sa musu gam ko salatif, ya nuna mini wata da aka lalata da haka.

Ranar Juma'a bayan la'asar na karanta wa Gwaggo shafukan bakwai, taswirar a shimfiɗe kan tabarma, jikoki sun kewaye mu. Da na zo kan Dalet ta ce in tsaya, ta sa na maimaita. Ta tambaya ko shi ne na Kawo, na ce sunan ne aka ɗauko daga can. Ta ce to ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, a samo mota a kai ta ko bakin ƙofar ne ta gani. Kan batun ko shi ya kai kansa kuwa, na karanta mata yadda dattijon ya rubuta, cewa takarda ba ta raba gardamar ba. Ta jawo bajon ta shafa gammon da babban yatsa, ta ce in mayar da shi cikin adaka tare da shafukan, in kuma riƙe makullin a wurina.