Masu yawo da baƙi a Argungu, ga ra'ayina

Ni dai harkar kamun kifi ce ta kai ni bikin Argungu, ba kallon manyan baƙi ba, kuma yaran nan masu zagayawa da mutane sun gane haka da wuri. Da na ce musu homa da gora nake son gani sai suka kai ni wajen masunta a bakin kogin Matan Fada, wani dattijo ya nuna min yadda ake kifa ciki a kan gora ana lalubo giwan ruwa, wallahi wannan kaɗai ya biya kuɗina. Gidan tarihin Kanta kuwa a gurguje muka leƙa, bayaninsu can bai gamsar da ni ba gaskiya.

Inda suka gaza talla ne. Bikin kamun kifin da aka fara tun 1934, UNESCO ta sa shi a jerin al'adun duniya a 2016, amma shafin yaran nan na Facebook hotunan taro ne kawai, ba a ware wa mai son kokawa ko kabanci (wasannin cikin ruwa) ko tarihi nasa tsarin ba balle farashi, sai ka yi ta ciniki a waya. Masauki kuma ka kama tun da wuri ko ka kwana Birnin Kebbi.